'YAR TSANA BA GUNKI BA CE: RADDI GA MASU RABA YARAN BIRNIN GWARI DA ALLURA DA ZARE

 

Ya 'yan'uwa, da so samu ne da ba mu ɓata tawada da takarda a kan 'yar tsana ba, alhali ga gonakin da aka yi shekaru ba a sa musu fartanya ba, ga marayu, ga matan da aka kashe wa mazaje. Amma tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Labari ya iso mana cewa wasu 'yan'uwa mata da ke koyarwa a makarantun Islamiyya a cikin Birnin Gwari sun ɗauko wata dabara. Ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu, sukan bi shagunan teloli su roƙo guntayen yadi, su tara ƙananan yara a kan tabarma, su zauna tare da su suna ɗinka 'yan tsana na ƙyalle. Ba su nemi sisin kowa ba. Sai ga wasu samari daga cikinmu, waɗanda ba mu shakkar kyakkyawar niyyarsu, sun miƙe a bayan salla suna cewa ana koya wa 'ya'yan Musulmi ƙera gumaka, suna kiran a tattara abin da yaran suka ɗinka a cinna masa wuta. Wasu magidanta, saboda tsoron Allah, suka janye 'ya'yansu. To, tun da an yi maganar da sunan Sunna, wajibi ne a amsa ta da Sunna.

Kafin mu shiga hujja, ya kamata ɗan'uwan da ke karanta wannan a Kano ko Sakkwato ya san waɗanne yara ake magana a kansu. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma bakinsa haɗe yake da dajin Kuyambana na Zamfara. Daga cikin waɗannan dazuzzuka bala'i ya riƙa fitowa. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka afka wa Gwaska suka kashe mutane fiye da 40, har da yara. A watan Maris na 2021 suka shiga makarantar firamare ta Rama, yara suka watse, aka tafi da malamai uku. A ƙarshen wannan shekarar aka rufe layukan waya, mutum ba ya iya jin ko ɗan'uwansa na raye. A watan Maris na 2024, a Kuriga da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan wannan hanya dai ta Kaduna zuwa Birnin Gwari, aka kora ɗalibai cikin daji kamar garken awaki, sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka dawo da 137. Kasuwar kara ta Birnin Gwari kuwa ta yi kimanin shekara 10 a rufe, sai a Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe ta bayan sulhun da aka ƙulla. Ke nan yaron da aka haifa a 2015 sai da ya yi shekara tara kafin ya ga ana cinikin shanu a garinsu.

Yaron da ya buɗe ido cikin wannan, da me yake wasa? Ku zaga bayan gida ku gani. Kara ya zama bindiga. Wannan ya naɗa tsumma a ka ya zama ɗan daji, wancan an ɗaure masa hannu shi ne wanda aka kama, na ukun ya kara silifa a kunne yana cinikin kuɗin fansa. Inna lillahi! Yaro ba ya ƙirƙiro wasa daga iska, abin da ya gani yake maimaitawa. Shekara da shekaru ana wannan wasa a lungunanmu, ba mu ji wanda ya miƙe a bayan salla ya ce uffan ba. Sai ranar da aka miƙa wa yarinya ƙyalle da allura, sannan kishin addini ya motsa.

Mu zo ga hujjarsu. Sun ce hadisai sun tabbata a kan tsananin azabar masu yin surar abin da ke da rai, da cewa mala'ikun rahama ba su shiga gidan da ke da sura. Haka ne, sun tabbata, suna cikin Bukhari da Muslim, mu ma mun yi imani da su, kuma mu ne muka daɗe muna karantar da su tun lokacin da ake jifanmu saboda su. Amma wa ya ruwaito mana da yawa daga cikinsu? Uwar Muminai A'isha (RA). Ita ce ta ba da labarin labulen nan mai zane da ta rataya a ɗakinta, Manzon Allah (SAW) ya dawo daga tafiya ya gan shi, fuskarsa ta sauya, ya cire shi, ta mayar da shi matasan kai. Ita ɗin dai, a cikin Bukharin nan da Muslim ɗin nan, ta ba da labarin cewa tana da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), tana da ƙawaye da ke zuwa su yi wasa tare, idan ya shigo sai su ɓuya saboda kunyarsa, shi kuwa sai ya riƙa turo mata su domin su ci gaba da wasansu. Shin wanda ya cire labule bai ga 'yan tsanan ba ne? Ko kuwa A'isha (RA) da ta ruwaito duka biyun ba ta fahimci abin da samarinmu suka fahimta ba?

Abu Dawuda ya kawo abin da ya fi wannan bayani. Manzon Allah (SAW) ya dawo daga yaƙi, mai ruwaya yana kokwanto ko Tabuka ne ko Haibara, sai iska ta ɗaga gefen labule, 'yan tsanan A'isha suka bayyana. Ya tambaye ta, ta gaya masa 'ya'yanta ne. A tsakiyarsu ya hangi doki mai fukafukai biyu da aka yi da tsumma. Ya nuna mamakin doki da fukafukai, ita kuwa ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu (AS), sai ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Ku lura da abu uku, ya 'yan'uwa. Ya gani da idonsa, ya tambaya da bakinsa, sannan ya yi dariya ya bar su a inda suke. Wannan shi malaman usulu ke kira tabbatarwa, kuma tabbatarwarsa shari'a ce, domin ba ya yin shiru a kan ɓarna. Kuma ku lura da kayan aikin: tsumma ne, irin wanda 'yan'uwanmu mata ke roƙowa a shagon tela.

Akwai na uku, wanda ya fi kusa da halin da muke ciki. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu (RA), ɗaya daga cikin matan Ansaru na Madina, ta ba da labarin yadda suke sa ƙananan 'ya'yansu azumin Ashura. Sukan yi musu abin wasa da gashin tumaki, har su tafi da su masallaci, idan yaro ya soma kukan yunwa sai a miƙa masa ya shagala har rana ta faɗi. Bukhari da Muslim duk sun fitar da shi. A nan iyaye mata ne da hannunsu suke yin abin wasan, ba su ware maza daga mata ba, kuma manufar ita ce rarrashin yaro ya jure wahala. Idan matan Sahabbai sun yi wa 'ya'yansu abin wasa saboda yunwar wuni ɗaya, ina laifin wadda ta yi wa yarinyar da ta kwana a ƙarƙashin gado tana jin harbi, ko wadda aka gudo da ita daga ƙauye cikin dare ba ko takalmi?

Ba za mu ɓoye cewa akwai saɓani ba, domin ɓoye saɓani ha'inci ne ga mai karatu. Ibnu Hajar a cikin Fathul Bari ya kawo cewa wasu malamai, kamar Dawudi da Ibnul Jauzi, sun tafi a kan cewa hanin yin sura ya shafe wannan rangwame, kuma an ruwaito daga Imamu Malik cewa ya ƙi mutum ya saya wa 'yarsa irin waɗannan. Amma a wurin nan dai ya kawo cewa Alƙali Iyal, wanda shi ma babban malamin Malikiyya ne, ya yanke cewa 'yan tsanan yara an togace su daga hanin, ya jingina wannan ga jamhurin malamai, waɗanda har sayar da su suka halatta domin a horar da yara mata tun suna ƙanana a kan sha'anin gida da reno. Da'awar shafewa kuwa ba a yin ta da zato. Sai an san wanne nassi ya rigaya, wanne ya biyo baya, kuma sai an kasa haɗa su. A nan haɗa su ba wuya: hani na gaba ɗaya ne, rangwame na yara ne. Sannan ƙissar dokin nan ko dai a shekara ta 7 bayan Hijira ta faru, ko a ta 9, watau can ƙarshen rayuwar Manzon Allah (SAW). Wanda ya ce an shafe bayan nan, shi ke da nauyin kawo tarihin.

Ga wani abu da muke so masu son aikin hisba su riƙe. Mawardi ya kawo a cikin littafinsa na hukunce-hukuncen mulki cewa Abu Sa'id Istakhri, babban malamin Shafi'iyya, da aka ba shi hisbar Bagadaza a zamanin Halifa Muƙtadir, ya tashi kasuwar da ake sayar da kayan haɗa abin maye, amma ya bar kasuwar kayan wasan yara, ya kafa hujja da wasan A'isha (RA). Yau fiye da shekara 1,000 ke nan. Mai hisba na gaskiya shi ne wanda ya san abin da zai tasa da abin da zai bari. Kada kuma wani ya kawo mana hanin da Hukumar Hisba ta Kano ta yi a 2021 na kafa mutum-mutumi a shagunan tufafi. Wancan cikakkiyar sura ce mai girman mutum da aka kafa domin talla a idon manya, dabam take da dunƙulen tsumman da yarinya ke goyawa da ɗankwali, ta jefar a ƙasa, akuya ta taka.

Iyayenmu ma ba su jahilci wannan ba. Tun kaka da kakanni 'yan matan ƙasar Hausa suna yin 'yar tsana da ƙashin ƙafar dabba ko da kara, su yi mata kitso, su ɗaura mata zane, su yi mata biki da suna, su dafa tuwon ƙasa. Manyan malamai sun tashi a gidajen da ake wannan, sun yaƙi bori da tsafi da camfi, ba mu ji sun ɗaura yaƙi da 'yar tsana ba. Abin da boka ke ƙullawa ya soka wa allura ya binne da sunan wani, wannan sihiri ne, kuma babu wanda ya kai mu ƙinsa. Kowane mai hankali ya san ba a haɗa shi da wasan yara.

To, kada masu hali su yi murna su ce mun goyi bayansu. Akwai wasu iyayen, musamman 'yan boko da ma'aikata, da idan sun je Kaduna ko Kano sai su cika jaka da 'yan tsanan roba na kanti, masu gashin doki da jan baki da ɗan guntun siket. Shin sun san asalin abin da suke kai wa gida? Barbie, wadda duk sauran ke kwaikwayo, kamfanin Mattel na Amurka ne ya fito da ita a 1959. An kwaikwayo ta ne daga wata 'yar roba ta Jamus mai suna Bild Lilli da aka soma sayarwa a 1955, wadda aka ciro daga zanen barkwanci na wata jarida, kuma da farko manya ake sayar wa ita a shagunan taba da mashaya a matsayin abin raha. Wannan ita ce kakar abin da ɗan'uwa ke miƙa wa 'yarsa 'yar shekara huɗu. Kuma kada a ce ai wasa ne kawai. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, baƙaƙen fata na Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa yaran baƙaƙen fata 'yan tsana fara da baƙa su ce su zaɓi mai kyau, mafi yawansu suka zaɓi farar. Har kotun ƙolin Amurka ta yi la'akari da wannan bincike a 1954 da ta soke wariyar launi a makarantu. Mai son sanin inda man bilicin ya samo kasuwa a cikin 'yan matanmu, ya soma dubawa daga nan.

Wasu ƙasashen Musulmi sun ga haɗarin. Iran ta fito da Dara da Sara a 2002, wani kamfani a Siriya ya fito da Fulla mai lulluɓi a 2003, a shekarar nan kuma hukumar hisba ta Saudiyya ta hana Barbie. Mun yaba wa niyyar, sai dai Fulla ɗin ma roba ce da aka ƙero a ƙasar Sin, aka sauya mata tufafi, kuma sai mai kuɗi. Shaihu Ibnu Usaimin, Allah Ya jiƙansa, ya bambance tsakanin biyun. Wadda aka yi da auduga ko gashi, ba ta da bayyanannun kamannin fuska, ya ce babu shakka a halaccinta, ita ce irin ta A'isha (RA). Ta roba mai cikakkiyar halitta kuwa ya nuna akwai damuwa a ransa game da ita, har ya ba da shawarar a cire kan ko a ɓata fuskar. Abin mamaki, ta robar tana nan jibge a kasuwanninmu ba mai ɗaga murya, ta tsumman da babu shakka a kanta ita ake kiran a ƙona.

A gefe guda, abin kunya ne a ce jihar da ta yi suna da masaƙu, inda aka kafa Kaduna Textiles tun 1957 a zamanin Sardauna, har ta durƙushe ta rufe a 2002, ga Funtuwa garin auduga a maƙwabtaka da Birnin Gwari, a ce abin wasan 'ya'yanmu ma sai an yo mana shi daga ƙetaren teku.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Mutanen Birnin Gwari sun ɗanɗani abin da gaggawar haramtawa ke haifarwa. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, wadda aka sani da BEPU, ta yi ta kokawa cewa 'yan ƙungiyar Ansaru, da suka ɓalle daga Boko Haram a 2012, sun kafu a gabashin masarautar wajen Damari, suna wa'azi, suna hana harkokin siyasa, suna janye matasa. Ba mu ce samarinmu su ne ba, Allah Ya kiyaye, kuma duk wanda ya jingina musu wannan ya zalunce su. Abin da muke cewa shi ne, waɗancan ma da haka suka soma: a ɗauki nassi ɗaya a bar ɗan'uwansa, a raina bayanin malamai, a ɗauka cewa wanda ya fi tsanani shi ya fi taƙawa. Haramta abin da Allah Ya halatta ƙirƙira wa Allah ƙarya ne, daidai da halatta abin da Ya haramta. Mu da muka ce mun fito yaƙi da bidi'a, idan muka ƙara wa addini hanin da babu shi, me muka yi ke nan?

Su kuwa 'yan'uwanmu mata, muna ƙarfafa musu gwiwa, tare da wasu sharuɗɗa domin a fita daga saɓani a kuma toshe bakin mai suka. A bar fuskar fili, ba ido ba hanci ba baki. Yaro ba ya buƙatarsu, shi da kansa yakan ce yau tana dariya gobe tana kuka, kuma malamar da ke sauraro za ta ji abin da ke cikin ran yarinyar da ba ta iya faɗa da bakinta ba. Wannan ma ya kawar da maɓalli da duwatsun ado, waɗanda ƙaramin yaro kan ɓalle ya haɗiye. A suturta ta da irin suturar da muke so mu ga 'ya'yanmu a ciki. Kada a jera ta a kan kabad domin ado, kada a rataya ta a bango, a bar ta a hannun yara da ƙasa inda ake wulaƙanta ta. Aikin kansa ba wuya: a ninka ƙyalle biyu, a zana jiki da gawayi ko alli, babba ta yanka da almakashi, a ɗinke gefe a bar ƙofa, a juya, a cusa auduga ko audugar rimi ko yankakken tsumma mai tsabta, a rufe. 'Yan shekara uku da huɗu su zaɓi yadi su yi cushe, allura sai wanda ya kai shida ko bakwai, kuma a ƙirga allurai kafin a fara da bayan an gama. Idan lokacin salla ya yi a ajiye.

Kada a kori yara maza. Hadisin Rubayyi'u bai ware su ba, kuma a ƙasar Hausa ɗinki sana'ar maza ce tun asali, daga masu ɗinkin hula har masu aikin babbar riga. Yaron da ya iya zura zare ya ƙulla, ya iya kalmasa, gobe zai ɗinke rigarsa, jibi ya zauna a gaban keke ya ci halalinsa. A yankin da aka riƙa sayen yaro da ɗan kuɗi kaɗan ya zama mai kai rahoto daji, duk sa'ar da ya yi a kan tabarma kusa da babba mai tsoron Allah riba ce. Idan wani uban bai natsu da ɗansa ya ɗinka 'yar tsana ba, to ya ɗinka ƙwallo ko jakar allo.

Telolin Birnin Gwari da Kuyello da Dogon Dawa da Randagi, guntayen da kuke sharewa ku zuba a bola, ku tara su a buhu ku aika makarantun Islamiyya. Limamai, idan Ashura ta gabato ku karanta wa jama'a hadisin Rubayyi'u da sharhinsa. Magidantan da suka janye 'ya'yansu, ku mayar da su, ku je da kanku ku ga abin da ake yi. Wanda kuma yake da nassi ingantacce da ya zo bayan Haibara ko Tabuka ya hana yara 'yan tsanansu, ya rubuto mana da sunan littafi da babi, za mu buga shi a fitowa ta gaba ba tare da mun rage ko harafi ɗaya ba.